Ku Sauke Shi

Muryar Tahsin ce, mai kula da benenmu,
ta maƙale a wayar wani lebura
da aka tono ran kwana na huɗu.
Gilashin ya tsage, sautin bai mutu ba:
"Ku sauke shi kafin magariba."
Minti arba'in bayan nan, hawa bakwai
suka zauna a kan juna kamar jiri ya ɗebe su.

A shagon shayin Rifki, inda iskar Bahar Aswad
ke shigowa da ƙarnin kifi,
yau kwana goma sha tara ana feɗe kalma uku.

Sabri direban tasi ya ce, "Shi ɗin, ginin ne.
Filin ya fi gidan tsada, kowa ya sani,
masu otal sun daɗe suna lasar baki.
Wa zai ce a sauke, in ba mai nakiya a aljihu ba?"
Ya doki tebur, cokula suka yi kuka a kofuna.

Munir mai gyaran famfo ya ce, "Tanki ne, jama'a,
na kan rufi, yana yoyo tun bara.
Ni na ce a sauke shi, da bakin nan nawa."
Wani daga lungu ya ce, "Nawa suka ba ka?"

Tsohon malamin makaranta ya zo da ƙamus a hammata.
Ya ce a harshen Turkawa "shi" bai san mutum ba, bai san dutse ba,
ana sauke tuta, ana sauke farashi,
ana sauke baƙo, ana sauke nauyi.
Suka ce ya tafi da nahawunsa,
su gawa suke ƙirgawa.

Sai a sake kunnawa.
A rage gudu, a kara kunne.
Akwai numfashi tsakanin "sauke" da "shi",
wani yaro ya rantse alama ce,
wani ya ce tari ne, mutumin taba ta cinye shi.
Tahsin kuwa ba ya amsa tambaya.
Yana layi na uku a maƙabartar kan tudu,
a ƙarƙashin matakala aka same shi da makullai a hannu.

Ni Zekiye, ina bayan labule ina ɗauraye kofuna.
Babana yana hawa na bakwai,
shekara shida ƙafafunsa ba su taka ƙasa ba,
na'urar hawa ta lalace tun sanyin bara.
Da safen nan na tare Tahsin a ƙofa,
na ce a samo samari biyu su sauko da shi,
ya ce yana son ganin teku ba ta taga ba.
Tahsin ya ce, "Zan faɗa musu."

Ban gaya wa kowa ba.
In ginin ne, ina da wanda zan tsana har in mutu.
In tankin ne, sakaci ne, an saba.
In Baba ne,
to an yi niyya, an makara da minti arba'in,
ni kuma ina nan ina goge cokali.
Wallahi ni ma ban sani ba.

Abin da na sani, tsagar bangon kicin ɗinmu.
Da farko farce ke shiga, sai yatsa, sai tafin hannu.
Na cusa mata tsohuwar jarida,
na rataya kalanda a kai, mai hoton tafki.
Ita ba ta da ma'ana biyu,
shi ya sa ba mai zama a kanta.

Dare ya yi, Sabri ya sake cewa a kunna.
Ruwa na tafasa, murfin buta na rawa.
Rifki ya leƙo ta labule, bai dube ni ba,
ya ce, "Zekiye, shayin nan ya yi. Sauke shi."